Kifayen Yaya a Madubin Ɗan Gayu

Yayata mai gyaran waya ce. Shagonta yana ƙarƙashin matakalar wani bene a bakin kasuwa, ɗan ƙuƙut, in ta miƙe ba ta sunkuya ba sai siminti ya gaisa da ƙeyarta. Tebur ɗaya ne a ciki, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da ƙarfen liƙa dalma, da gwangwanayen madara cike da ƙananan sukurori. 'Yan kasuwa suna ce mata Injiniya. Ni ce auta a gidanmu, ita ta goye ni, saboda haka na san halinta tun kafin na san nawa.

Wurin Babanmu ta koyi aiki, shi rediyo yake gyarawa. Ba ta da yawan magana, ba ta da saurin fushi, ban taɓa jin ta yi dambe da kowa ba. Abin da take da shi riƙo ne. Tana 'yar makaranta wata 'yar maƙwabta ta dinga kwaikwayon in'inarta a gaban yara, Yaya ta ƙyale ta har maganar ta bi iska. Ranar da aka aiko yarinyar da rediyon gidansu Baba ba ya nan. Yaya ta karɓa ta gyara shi tsaf, sai dai duk inda aka murɗa tasha ɗaya yake kamawa, mai karanta sanarwar rasuwa da cigiyar dabbobi. Baba ya yi mata faɗa a gaban masu rediyon, da suka tafi ya shige ɗaki ya yi dariya har da tari.

Ta auri wani mai aski da ake kira Ɗan Gayu. Kyakkyawa ne, ya kuma san da haka. Mutum ne da in yana yi maka aski rabin kallonsa a kanka yake, rabi a kan gashin bakinsa a madubi. Da suka tare ya sayo wani babban akwatin gilashi na kifin ado ya ajiye a falo, don ya ga irinsa a gidan wani mai kuɗi da yake zuwa yi wa aski. Iyakar abin da ya yi ke nan. Yaya ce ta wanke tsakuwa ta shimfiɗa, ta dasa ciyawar ruwa, ta haɗa ɗan injin da ke busa kumfa. Ita ta gano cewa ruwan famfo in bai kwana a bokiti warin maganinsa ya fita ba, kisa yake yi. A hankali akwatin ya cika da kifaye, ja da ruwan ɗorawa da masu zane-zane, wasu ma a ciki aka ƙyanƙyashe su. Ta san kowanne da halinsa. In ta dawo daga kasuwa, kafin ta cire mayafi sun taru a kusurwar da take tsayawa.

Auren bai yi ƙarko ba. Shi yana son matar da za ta zauna ta yaba masa, ita kuwa hannunta ƙaurin dalma yake yi. Ya taɓa cewa a gaban abokansa, wai ya nemi mata sai aka kawo masa makanike. Da suka rabu ba a yi tashin hankali ba, Yaya ma cewa ta yi an hutar da ita. Abu ɗaya ta roƙa, ya bar kifayen yadda suke har ta samo abin da za ta kwashe su a ciki. Ya ce ba komai.

Ni na raka ta ranar da muka je da bokitai masu murfi. Rana ta take, gidan a buɗe. A falo babu akwati, sai shatinsa a kan tebur. A tsakar gida muka tarar da bahon wanki, a cikin rana tsaka, an cika shi da ruwan famfo, har da sauran kumfar sabulu a gefe. Kifayen suna kwance a saman ruwan, cikinsu fari fat yana kallon sama.

Yaya ta durƙusa ta sa hannu. Ruwan ya yi ɗumi kamar na wankan jariri. Ta dinga ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana dubawa tana ajiyewa a kan mayafinta. A ƙasan bahon ta sami biyu suna ɗan motsa baki.

Muna cikin haka Ɗan Gayu ya shigo yana kaɗa makulli.

Ya ce, “Au, kun iso? Akwatin na kai shago, ai ni na saya. Kifayen kuma ga su nan na bar miki, ban taɓa ko ɗaya ba.”

Na ce, “Ba ka ga sun mutu ba?”

Ya leƙa bahon ya taɓe baki. “Kifi ne fa, Auta. Kasuwa cike take da su.”

Yaya ba ta ɗago ba. Ta sa biyun a ruwan da muka zo da shi, ta naɗe sauran a mayafi, ta ce mini mu tafi. A hanya ban ji ta ja ko tsaki ba, nan na san Ɗan Gayu ya taro wa kansa.

Ta koma ɗakinta na gidan Inna. Ta ciro gilasan wata tsohuwar durowar baje kaya, ta kai aka yanka mata, ta liƙe su da gam na gilashi, ta yi sabon akwati. Kifayen biyu sun rayu. Ɗaya baƙi ne mai dogon gemu, shi take kira Mai Gemu. Ɗayar shuɗiya ce, Yaya tana ce mata Hajiya saboda yadda take tafiya a ruwa kamar ba ta son a taɓa mata zane. Amma tun ranar bahon suka daina yarda da mutum. Ta sa musu guntun bututun roba a ƙasa, suka shige ciki. Inuwa in ta gifta ko an taka ƙasa da ƙarfi, sai su ƙara lafewa. Tana zuba abinci ta fita, in ta dawo wani lokaci ya ragu, wani lokaci yana nan. Ba ta san wanda yake ci da wanda ba ya ci ba.

Wannan ne ya sa ta fara haɗa kyamara. A shago tana da wata matacciyar kwamfuta da mai ita ya yi watsi da ita. Ta ɓalle fuskar ta zaro 'yar kyamarar da ke saman, siririya kamar tsinken ashana biyu a haɗe. Ta liƙa mata dogon kebur da dalma, ta jona da wata tsohuwar waya mai fasasshiyar fuska, hoto ya fito. Saura yadda za a sa ta a ruwa. Ta cusa ta a kwalbar man shafawa, ta huda murfin, ta toshe da gam. Ba a jima ba ruwa ya bi jikin kebur ɗin ya shiga, hoton ya yi rawa ya ɗauke.

Inna ta leƙo ta ga kwalbar tana ɗiga. Ta ce, “Sauran mata in an rabu da su lalle suke sawa su fita a gan su. Ke kin zauna kina yi wa kifi talabijin.”

Yaya ta ce, “Ba su za su kalla ba, Inna, ni zan kalle su.”

Ta samo wata kyamarar a wurin masu kayan gwangwan. Wannan karon ta yanko robar tayar keke ta yi wa murfin zobe, ta cika ramin kebur da gam ciki da waje, ta bar shi ya bushe sosai. Ruwa bai shiga ba, amma ɗumin kyamarar ya sa kwalbar ta yi gumi daga ciki, sai ka ce ana kallon duniya ta cikin tururin tukunya. Ta bi shagunan masu takalma tana roƙon 'yan ƙullin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, masu shanye danshi, ta jera su a bayan kyamarar. Gumi ya tafi. Sai kuma ta ga abin da yake fes a iska ya zama dishi-dishi a ruwa. Ta fito da ita, ta kama idon kyamarar da hantsaki ta murɗa kaɗan, ta rufe, ta mayar, ta duba, ta sake fitarwa. Na gaji da kallonta na tafi harkokina. Daga baya ta ciro ɗan gilashin nan da ake sawa a ƙofa don leƙa baƙo, ta ɗora a gaban idon, sai ga akwatin gaba ɗaya ya shigo hoto. Ta sa maganaɗisu ciki da waje ya riƙe kwalbar a jikin gilashi daidai bakin bututun, ta ja kebur ta ƙasan ƙofa zuwa talabijin ɗin falo.

Wata safiya ta kira ni da Inna, ta rufe ɗakin, muka zauna. Da farko bakin bututu kawai muke gani da ciyawa tana kaɗawa. Can sai gemu ya leƙo. Mai Gemu ya fito a hankali, ya cika talabijin ɗin, ya kai girman ɗan akuya. Inna ta ja baya da kujerarta. Ya bi tsakuwa yana tsintar abinci. Bayansa Hajiya ta fito, ta juya gefe, sai muka ga abin da ido bai iya gani daga waje. Rabin jelarta ya zagwanye, gefen jikinta kuma akwai farin tabo inda ruwan ya ƙone ta. A karkace take iyo, in ta nufi abinci sai ta wuce shi ta sake zagayowa.

Inna ta ce, “Allah sarki, baiwar Allah.”

Yaya ta daɗe tana kallo. Da ta tashi sai ta ce mini, “Auta, shagon nasa har yanzu yana layin masu ɗinki?”

Yana nan. Mun bi ta gaban shagon da yamma. Ɗan Gayu ya kafa akwatin a jikin taga, ya zuba sababbin kifaye, ya sa fitila mai launi. Yara sun manna fuska a gilashi, iyaye suna zaune a benci suna jiran layi. Akwatin ya jawo masa kasuwar da bai taɓa samu ba, don duk uban da ɗansa ke kukan aski nan yake kawo shi.

Tsallaken titin, daidai saitinsa, akwai wani tsohon mai aski, Baba Dogo. Kujerarsa ɗaya, fatar ta tsage an ɗaure da igiya, talabijin ɗinsa ta yi ƙura a saman kanta. Masu zuwa wurinsa tsofaffi ne irinsa, waɗanda gashin ma ya kusa ƙare musu. Yaya ta yi sallama ta shiga.

Ta ce, “Baba, ɗakin nan na baya me kake ajiyewa a ciki?”

“Tsummokara da tsintsiya, 'yata. Lafiya?”

“Ina so ka ba ni aronsa, da talabijin ɗin can. Zan sa kifi.”

Ya dube ta, ya dubi tsallaken titi. Ya san ko ita wace ce, kowa a layin ya sani. Ya ce, “'Yata, ni ba na son rigima. Yaron nan muna gaisawa.”

“Ku ci gaba da gaisawa, Baba. Ni kifi kawai zan sa.”

Ta ɗauki lokaci tana shiri. Ta yi akwati mafi girma, ta sayo ƙananan kifaye masu haske ta rene su har suka saba da Mai Gemu da Hajiya. Ta kai su ɗakin bayan Baba Dogo inda babu hayaniya, ta rufe taga da labule, ta hana kowa shiga. Ta ƙara kyamara ta biyu a can ƙasa cikin ciyawa, da ɗan makunni da ake sauya hoto da shi. Ta wanke talabijin ɗin ta canza mata abin da ya lalace. Ranar da za a kafa ta a bango ta sa ni na tsaya a bakin titi, ita tana kan tsani tana karkata ta.

“Leƙa shagon Ɗan Gayu. Kina ganin ta a madubinsa?”

Na ce, “Gefe kawai.”

Ta ƙara juyawa. “Yanzu fa?”

“Yanzu duka.”

Ta ɗaure sukurorin tamau. Tun daga ranar, duk lokacin da Ɗan Gayu ya ɗaga ido zai duba gashin bakinsa, sai ya ga Mai Gemu yana wucewa ta bayan kansa.

Yara ne suka fara tsallakowa. Kifin Ɗan Gayu bai wuce yatsa ba, na Baba Dogo kuwa ana ganin ƙwayar idonsa tana juyawa, ana ganin yadda yake tauna tsakuwa ya furzar. Suna leƙa bayan talabijin suna neman inda ruwan yake. Baba Dogo ya gano cewa in ya ba yaro makunnin ya riƙe, sai ya zauna kamar an dasa shi har a gama aski. Iyaye suka biyo 'ya'yansu. Aka gyara kujera, aka ƙaro benci. Da wata 'yar ja ta fara ɗaukar 'ya'yanta a baki tana furzo su in ta ga ba haɗari, har masu ɗinki suna barin keke su zo kallo.

A tsallake kuwa kifaye mutuwa suke yi. Ɗan Gayu mutum ne mai son ƙyalli, in ya ga gilashi ya ɗan yi kore sai ya kwashe ruwan duka, ya wanke da sabulu, ya cika daga famfo. Da safe ya tsame gawa, da rana ya tafi sayo wasu. Yaya tana sane, Baba Dogo yana ba ta labari in ta zo ba kifayenta abinci.

Abin ya dame ni. Na ce mata, “Yaya, shi kike yi wa horo, amma waɗancan ne suke mutuwa. Me suka yi miki? Kalma ɗaya za ki aika masa su tsira.”

Ta ajiye ƙarfen dalma. Na ɗauka ta sauko. Washegari ta tafi wurin mai sayar da kifin ado, shi kaɗai ne a garin, ita kuma take gyara masa injinan kumfa. Ta gaya masa abin da ake yi da kifayensa, ta ce ya zaɓa, ko ita ko mai aski. Da Ɗan Gayu ya sake zuwa sai aka ce masa kifi ya ƙare, alhali ga su nan suna iyo a gabansa.

Da ta dawo ta ce mini, “Kin ga, sun tsira.”

Ya gwada dabaru. Ya sayo kifayen roba masu lilo a kan zare, yara suka yi masa dariya. Ya sayo kyamara a kasuwa ya manna a wajen gilashin ya jona da talabijin, abin da ya fito shi ne koren ruwa da inuwar fuskarsa yana leƙe. Ya aiko yayansa wurin Inna a ba da haƙuri. Inna ta ce ita ba ta san laifin da 'yarta ta yi ba, ko an hana kiwon kifi ne a layin?

Daga ƙarshe ya zo da kansa. Da hantsi ne, muna shagon Baba Dogo, Yaya ta fito daga ɗakin baya da bokiti. Ya rame, rigar ma ba guga. Ya gaida Baba Dogo, tsohon ya amsa yana kallon almakashinsa.

Ya ce, “Injiniya, magana nake so mu yi.”

“Ina ji.”

“Abin da ya faru tsakaninmu ya wuce. In maganar makanike ce, na janye. In auren ne, kin san ba ni kaɗai ke da laifi ba. Ki haɗa mini irin wannan, ko ki ce wa mutumin can ya sayar mini da kifi. Shagona ya mutu.”

Yaya ta ajiye bokitin, ta ɗauki makunni ta sauya hoto. Hajiya ta fito a kyamarar ƙasa, a karkace, tabon ya cika rabin talabijin.

Ta ce, “Ka san wannan?”

Ya duba. “Kifi ne mara lafiya.”

“Ba ka san ta ba?”

“Ta ina zan san ta? Duk kamarsu ɗaya.”

“Ta yi shekaru a falonka.”

Ya kalle ni, ya kalli Baba Dogo, kamar mai neman a fassara masa. Ya ce, “Wai duk wannan abin a kan kifi ne?”

Yaya ta ɗauki bokitinta. “Matsa, ruwa zan zubar.”

Ya matsa. Ta fita ta zuba a kwata, ta dawo ta wuce shi ta shige ɗakin baya ta rufe ƙofa. Ya ɗan tsaya, sannan ya tsallaka titi ya koma.

Bai daɗe ba ya tashi daga layin. Mai ɗinkin da ya karɓi shagon ya ce ko madubin bai ɗauka ba. Baba Dogo bai ji daɗin abin ba duk da cikar bencinsa. Ya ce wa Yaya, “'Yata, na ci albarkacinki, amma da na san har haka za a kai, da na yi tunani sau biyu.” Ta ce masa in yana so ta kwashe kayanta. Ya ce a bar su dai saboda yara.

Mai Gemu da Hajiya ta mayar da su gida, ta bar wa Baba Dogo sauran. Hajiya ta ƙara shekara guda da wani abu kafin ta mutu, Mai Gemu yana nan, ya yi ƙiba. Yanzu rabin aikin Yaya haɗa kyamarar ruwa ne. Ta yi wa wani asibitin yara, ta yi wa masu kiwon tarwaɗa da ke son ganin ƙasan tafkinsu. Inna ta daina yi mata maganar lalle, ita ce ma take kunna talabijin da safe ta ce a ga ko mutumin nata Mai Gemu ya tashi.

Kwanan baya na je shagonta kai wayata da ta daina caji. Tana buɗe ta na ce mata na ga Ɗan Gayu, ya buɗe sabon shago a bayan tashar mota, ƙarami, babu kifi, babu komai sai kujera.

Ba ta ɗago daga kan wayar ba. Ta hura ƙurar da ke ramin cajin, ta ce, “Akwai wani mai aski kusa da shi?”

Akwai har biyu, ɗaya ma ƙofofinsu suna kallon juna. Na ce mata ban lura ba.